Lambar da Minti Biyar Ya Yi wa Bargon Matarsa

Ba a haife shi da sunan Minti Biyar ba, bakinsa ne ya jawo masa. Shekara talatin ya yi a ofishin aika kaya yana buga hatimi a kan kwalaye, ranar da ya yi ritaya kuwa ya dawo gida da kwalbar tawada ɗaya, da wandon kaki ɗaya, da tabbacin cewa babu aikin da zai gagare shi a duniya. In famfon tsakar gida ya lalace, aikin minti biyar ne. In ƙofa ta ƙi rufuwa, minti biyar. Famfon nan sai da gidan hayar ya kwana uku babu ruwa, ƙofar kuwa har yau da dutse ake tokare ta, amma shi ko a jikinsa.

Bayan kansa, babu abin da yake alfahari da shi kamar wandon nan. Yakan ja yadin da yatsu biyu ya nuna wa duk wanda ya yi kuskuren tsayawa, ya ce shekara ashirin ke nan ko zare ɗaya bai tsinke ba. Da gaskiyarsa kuma, don tun yana ofis duk abin da ya taɓa masa hannu, tawada ce ko maiƙo, a bayan wandon yake gogewa, amma wandon ya ƙi mutuwa.

Matarsa ɗinkin bargo take yi, irin na haɗe-haɗen ƙyallaye. Ta yanka su daidai wa daida, ta haɗa a keke, ta shimfiɗa auduga a tsakiya, ta sa shafi, sannan ta bi da allura layi-layi har idonta ya yi ja. Mace ce mai ƙarancin magana, wanda hakan ya yi daidai, don gidan ba shi da wurin masu magana biyu. Duk shekara ƙungiyar mata masu ɗinki takan rataye barguna a ɗakin taron makarantar unguwa, alƙalai su zagaya su zaɓi wanda ya fi. Bara nata aka zaɓa. Sai dai takardar sunan da ta maƙala da fil ta faɗi tun a hanya, mai sanarwa ta juya bargon ta rasa suna, wani daga baya ya ɗaga murya ya ce ai na matar Minti Biyar ne, haka kuwa aka faɗa a lasifika. Ɗakin ya kwashe da dariya, ita ma ta taya su, amma da ta dawo gida ko abinci ba ta ci ba.

Bargon bana ya fi na bara nauyi a zuciyarta. Da zannuwan mahaifiyarta marigayiya ta haɗa shi, wata tara tana kansa, kuma babu sauran ko ƙyalle ɗaya da za a sake wani in wannan ya lalace. Ƙungiya kuma ta kafa doka saboda abin da ya faru bara: kowane bargo sai an sa masa lamba a kusurwar baya, mai ɗauke da sunan wadda ta ɗinka, irin lambar da wanki ba zai cire ba. Bargon da ba shi da ita ba za a ko duba shi ba. Abin da take so bai fi haka ba, a karanta sunanta da na mahaifiyarta sau ɗaya a gaban mutane.

Saura mako guda ta yi kuskuren faɗin shirinta a gabansa.

"Farin ƙyalle zan yanka, Malam, in ɗinka sunan da jan zare. Shi ke nan."

"Zare?" Ya ajiye kofin shayinsa. "A wannan zamanin? Ni da na yi shekara talatin ina sa wa kaya lamba suna ƙetare teku, a gidana za a yi lamba da zare? Ki bar mini wannan. Zan ƙirƙiro miki lambar da bargon zai tsufa ya mutu ya bar ta. Aikin minti biyar ne."

Ya ci gaba da bayani, ya ce in ta karɓu duk matan ƙungiya wurinsa za su riƙa layi, daga nan sai masu bargunan wasu garuruwa. Ita dai ta ci gaba da ɗinkin bakin bargonta. Da ya gaji ta ce ta yarda, amma ya gwada a kan tsumma tukuna, in ta jure wanki uku sai a yi magana.

Da tawadar ofis ya fara. Ya rubuta a farin ƙyalle da tsinke, ya hura sau biyu, ya fito tsakar gida neman ruwa. A bakin famfo ya tarar da baho cike da ruwan sabulu, bai tsaya tambayar na wane ne ba ya jefa ƙyallen ya cuɗa. Bahon na Gwaggo ne, tsohuwar da ke da gidan hayar, wadda kowa ke kira Gwaggo har waɗanda suka girme ta, a ciki kuma ta jiƙa farin mayafinta na zuwa unguwa. Ƙyallensa ya fito fari fat, ko ɗigon rubutu babu. Mayafin Gwaggo kuwa ya fito shuɗi dabbare-dabbare.

Gwaggo ta wanke shi sau uku a ranar, tana wankewa tana jero masa tarihinsa tun daga famfo. Shi kuwa yana tsaye hannu a baya yana lura. Da ta shanya na ukun ya matso ya duba, ya juya wurin matarsa fuska a sake ya ce to ga shi, wanki uku cur tawadar ba ta fita ba.

"A jikin mayafina ba," in ji Gwaggo.

"Gwaggo, ƙarko muke gwadawa. Maganar wuri daga baya ne."

Washegari ya ce ya gano matsalar, ruwa ne abokin gaban tawada, don haka a bar tawada a koma wuta. Ya samo jar leda mai kauri ya yayyanka haruffa, ya jera su a kan tsumma. Akwai mai wanki da guga a ƙofar gidan, mutum mai haƙuri da ke da 'yar rumfa da tebur. Minti Biyar ya jira har ya tafi kai kaya, ya ɗauki dutsen gugarsa da garwashi a ciki, ya danna a kan haruffan ya ƙirga goma. Da ya ɗaga, tsumman babu komai. Ya juya shi gaba da baya, ya ɗaga shi a rana, sai ya gyaɗa kai ya ce haruffan sun shige cikin yadin ne gaba ɗaya, wannan kuwa shi ne ƙarkon da ake nema. Ya mayar da dutsen inda ya same shi.

Mai guga ya dawo ya shimfiɗa farar rigar hedimastan makaranta, ya ja dutse sau ɗaya daga kafaɗa zuwa kafaɗa. Ba a jima ba ya shigo tsakar gida riƙe da rigar a buɗe, ya ɗaga ta kowa ya gani. A gadon bayanta da jan rubutu ɓaro-ɓaro an rubuta MINTI. Babu buƙatar bincike. Minti Biyar ya fara bayanin cewa dutsen ne bai yi zafi yadda ya kamata ba, mai guga ya ce shi dai abu ɗaya yake so ya sani, shi zai je ya gaya wa hedimasta ko Malam zai je da kansa, tunda sunansa ne a jiki.

Matar ta leƙo daga ɗaki ta karanta rigar, ta daɗe tana kallonta.

"Malam, lambar bargona ce, me sunanka yake yi a ciki?"

"Gwaji ne kawai. Kuma ai ko kwano kika saya akwai sunan kamfani a gindinsa."

Ta koma ɗaki ta ci gaba da ɗinkinta, shi kuwa ya ɗauka ta gamsu.

Na ukun ƙarfe ne. Ya fasa gwangwanin madara ya miƙar da shi, ya wuni yana huda haruffa da ƙusa da guduma, har mai jegon ɗakin ƙarshe ta aiko a tambaya ko rushe gidan ake yi. Ya ɗaure ƙarfen da waya a kusurwar tsohon bargonsa, ya ce zai gwada shi da kansa a baccin rana, don mai ƙirƙira na gaskiya ba ya gwaji a jikin wani. Bai yi rabin sa'a ba ya fito dafe da kunne, ƙarfen ya yanke shi. Matarsa ta wanke masa, ta manna masa filasta, sannan ta zauna gabansa ta yi masa magana mafi tsawo da ta yi a shekarar. Ta ce bargon nan na uwarta ne, ba ta da wani. Ta ce kada tawada ta kusance shi, kada wuta, kada ƙarfe. Ta sa ya maimaita, ya maimaita yana dafe da kunne.

Da wani ne, da nan zai tsaya. Minti Biyar kuwa yana fita ƙofar gida idonsa ya faɗa kan rumfar mai facin taya da ke bakin titi, ya tsaya cak. Mota ta yi ta gudu a kan faci shekara da shekaru, cikin ruwa da rana, bai ɓare ba. Ya ƙirga a yatsunsa: roba ba tawada ba ce, ba wuta ba ce, ba ƙarfe ba ce. Har wani tausayin matarsa ya ji, da ba ta yi tunanin hana roba ba.

Mai faci ya yanko masa tsohuwar robar cikin taya mai faɗin tafin hannu biyu, ya ba shi ƙaramin gwangwanin gam. Ya yi ƙoƙarin gaya masa yadda ake yi: a shafa kaɗan, a bari ya sha iska, in ka taɓa ka ji ya daina kama yatsa to lokacin ne yake shirin kamawa da gaske, musamman in gefe biyu duk sun sha gam, don in suka haɗu sai dai wuƙa. Amma a daidai lokacin Minti Biyar yana koya wa mai faci yadda ake faci a ƙasashen da suka ci gaba, don haka babu abin da ya shiga kunnensa, mai filastan ko ɗayan.

A bayan gida ya yi rubutun da farin fenti, wanda shi ma ya tabbatar wa kansa ba tawada ba ne. Ya fara da manyan haruffa, ƘIRƘIRAR MINTI BIYAR, ya ga sun yi kyau, ya ƙara TSOHON MA'AIKACI a ƙasa. Sai a lokacin ya lura wurin da ya rage bai fi faɗin babban yatsa ba, sunanta ba zai shiga ba, balle na mahaifiyarta. Ya ɗan sosa ƙeya, sannan ya matse hannu ya rubuta "da matarsa" da ƙananan haruffa. Ya ce ai ma'anar ɗaya ce.

Ranar taro matar ta riga shi fita, don ita ce mai ɗaura igiyoyi a ɗakin. Sai a jajibiri ta gama bakin bargon, don haka ta sa allura da jan zare da almakashi a jaka, a kan za ta ɗinka lambarta a can kafin alƙalai su fara. Bargon ya yi mata nauyi, ta ninke shi ta bar masa ya kawo a tasi.

"Yadda na ninke shi haka za ka kawo. Kada ka buɗe."

"Haba, sai ka ce yaro."

Tana fita ya sa 'yar kwat ɗinsa da wandon kaki, don rana ce ta ɗaukar hoto. Bai buɗe bargon ba, kusurwa ɗaya kawai ya ɗago, wannan kuwa ba buɗewa ba ce. Ya shafa gam a robar, ya ga kaɗan ba zai yi wa aiki irin nasa ba, ya ƙara. Ya goge yatsunsa a bayan wando. Ya manna, ya danna, ya sake gogewa. Sai dabara ta zo masa, ya juye sauran gam ɗin a kan rubutun ya baje, don kada ruwa ya taɓa fentin har abada. Ya goge hannu biyu a bayan wando, ya tashi zama a bakin gado sai ya fasa don kada kwat ta yamutse, ya tsaya yana fifita robar da murfin tukunya. Can ya taɓa, bai kama yatsa ba. Ya ce alhamdu lillahi, ya bushe.

Abu ɗaya ya tuna daga aikin masu faci, cewa sukan danne facin da abu mai nauyi. Da ya shiga tasi sai ya ɗora bargon a kujerar baya, kusurwar tana sama, ya hau ya zauna daram a kan lambar. Kansa ya tokari rufin mota, direba ya tambaya ko lafiya, ya ce aiki ne na kimiyya, kuma tafiyar ai minti biyar ce. A kan gada suka tarar babbar mota ta mutu a tsakiyar hanya. Minti arba'in suka yi a cikin rana, yana zaune a kan bargon yana gumi, yana yi wa direba bayanin yadda da shi ne zai tayar da babbar motar.

A ƙofar makaranta ya sauko, bargon ya sauko tare da shi.

Da farko ya ɗauka ya maƙale ne a maɓallin aljihu. Ya kai hannu baya ya ja, wandon ya ja shi. Ya sake ja da ƙarfi, ya ji belet ya shaƙe masa ciki. Gumin da ya karyo masa a lokacin ba na rana ba ne. Direba ya leƙo ta taga ya kalli abin da kyau, ya ce lallai kimiyya ta yi aiki, ya ja motarsa. Minti Biyar ya tallabe bargon da hannu biyu ta baya, ya miƙe ƙirji, ya shiga ɗakin taro a hankali kamar mai goyon da bai saba ba.

Ɗakin ya cika. Barguna rataye a igiyoyi layi-layi, mata da 'yan kallo suna zagayawa, Gwaggo a kujerar gaba, mai guga da mai faci a tsaye can baya sun zo kallo. Shugabar ƙungiya, wata doguwar mace mai tabarau da ba ta son ɓata lokaci, ta ce a karɓi bargon a rataye. Ya ce a bari, shi zai riƙe. Ta ce ba a riƙe bargo a nan, ratayewa ake yi. Mata biyu suka zagaya bayansa suka kama suka ja, sai ga Minti Biyar yana bin su da baya da baya, yana cewa a yi a hankali. Suka tsaya, ya tsaya. Suka sake ja, ya sake bi. Dariyar ta fara daga kujerar Gwaggo ta bazu har ƙofa.

Matarsa ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta zo ta durƙusa ta leƙa tsakanin wandon da bargon, ta shinshina, ta miƙe. Bai taɓa ganin fuskarta haka ba, tsoro ya kama shi da gaske.

"Ba tawada ba ce," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ba wuta, ba ƙarfe."

"Na gani."

Aka kira mai faci. Ya duba ya ce gefe biyu sun sha gam, kuma an danne shi yadda ko shi bai taɓa danne faci ba, in a taya ne da sai ya ba da garantin shekara goma. Ya ce fetur zai iya sassauta shi, amma zai ɓata yadin. Matar ta ce ko ɗigo ɗaya ba za a zuba wa zanin uwarta ba. Wata ta ce to ya cire wandon mana. Minti Biyar ya dubi mata sama da ɗari da ke kallonsa, ya riƙe belet da hannu biyu, ya ce ko da za a yanka shi. Shugaba ta dubi agogo ta ce alƙalai za su fara yanzu, bargon da ba ya kan igiya ba ya cikin gasa.

"A rataye su tare," in ji Gwaggo.

Haka kuwa aka yi. Aka warware bargon aka ɗora a igiya, kusurwar ƙasa ta tsaya daidai ƙugun mutum in ya hau benci. Aka kawo benci, aka ɗora Minti Biyar a bayan bargon, fuskarsa na kallon bango. Daga gaba ba a ganin komai nasa sai takalma. Da bargon ya buɗu gaba ɗaya dariyar ta lafa da kanta, don abin ya yi kyau ƙwarai. Tsofaffin da suka san marigayiyar suka riƙa nuna ƙyallaye da yatsa, wannan ta gane zanin da takan ɗaura zuwa kasuwa, waccan ta gane na zaman gida. Shi yana bayan yana jin su, bai taɓa sanin akwai wannan duka a cikin abin da yake tsallakewa kullum a tsakar ɗaki ba.

Alƙalai uku suka iso. Suka duba ɗinkin, suka shafa, suka yi ƙus-ƙus. Babbarsu ta zagaya don karanta lamba, ta ɗaga kusurwa, ta tarar da mutum.

"Ina lambar?"

"Ga ta nan tsaye," in ji matar. "Ku tambaye ta."

Alƙaliyar ta gyara tsayuwa ta tambayi bayan kwat ɗinsa wa ya ɗinka bargon. Minti Biyar ya yi gyaran murya, tsohon halin ya taso. Ya fara cewa to, a gaskiya in za a bi tarihin abin daga tushe, shi ne ya... Sai ya ji ƙarar almakashi sau biyu a kusa da ƙugunsa. Ya haɗiye sauran. Ya faɗi sunan matarsa, sunanta na gaskiya, da na mahaifiyarta. Alƙaliyar ta ce ba ta ji ba, bango yake gaya wa. Ya sake faɗa da ƙarfi har na bakin ƙofa suka ji, sunan ya yi masa wani baƙo-baƙo a baki, don rabon da ya kira shi ya manta.

Shugaba ta ce ta ji, amma doka ta ce lambar da za ta jure wanki, ita kuwa ba ta ga yadda za a riƙa jiƙa wannan a baho ba. Ta ba su kafin alƙalai su gama zagaye su dawo.

Matar ba ta ɓata lokaci ba. Ta ce masa kada ya motsa. Ya tambaya me za ta yanka, bargon ko me. Sanyin almakashi ne ya ba shi amsa. Ya roƙe ta, ya tuna mata shekara ashirin ko zare ɗaya bai tsinke ba. Ta ce shi ya sa ta zaɓe shi, ai lamba mai ƙarko aka ce. Ta yanko bayan wandon murabba'i, kuma ta yanko da faɗi sosai, don ta sami wurin rubutu a ƙasan inda robar ta tsaya. Yana jin iska ta shigo ya diro daga benci ya manna bayansa da bango, amma bai yi saurin da ya isa ba. Duk wanda ke gefen nan ya ga gajeren wandonsa na ciki, wanda ita ta ɗinka masa da ragowar ƙyallaye masu furanni. Gwaggo ta ce ko wannan aka shigar gasa zai zo na biyu.

Daga jikin bango ya kalli matarsa tana aiki. Ta zauna a bencin, ta kalmashe bakin kakin ta ɗinke shi a jikin shafi gefe huɗu, ya rufe robar da rubutunsa ruf, babu wanda zai sake karanta su. Sannan ta zura jan zare ta fara suna. Ba ta yi wa kowa bayani ba. Kafin alƙalai su zagayo ta cije zaren. Babbar alƙaliya ta ja lambar da ƙarfi, ta murɗa, ta sa farce, ta ce ita dai tunda take ba ta taɓa ganin lamba mai ƙwari irin wannan ba. Minti Biyar ya buɗe baki, matarsa ta dube shi, ya rufe.

Da aka zo sanarwa, mai lasifika ta juya kusurwar ta karanta abin da ke jiki, sunan mai ɗinki da na uwarta, a hankali, ba ta ƙara komai ba. Babu wanda ya yi dariya. Matar ta tashi ta je gaba tana share ido da bakin mayafi, ɗakin ya ɗauki tafi. Shi ma ya so ya tafa, amma hannayensa biyu suna da aiki a baya, sai ya riƙa buga ƙafa a ƙasa, kunya da daɗi suka haɗu suka cika masa ciki.

Sai da ɗakin ya kusa watsewa Gwaggo ta tausaya masa. Ta buɗe jaka ta ciro mayafin nan shuɗi dabbare-dabbare, ta ce dama ba ta da inda za ta sa shi, ya ɗaura. Haka ya taka har gida, kwat a sama, mayafin Gwaggo a ƙugu, bargon a kansa, matarsa a gaba riƙe da takardar yabo. A bakin titi mai guga ya ce shi ya duba agogo, kwatan awa guda ta yi tana ɗinkin lambar nan. Minti Biyar ya ce ƙarya ne, yana tsaye a wurin, minti biyar ta yi.

An wanke bargon ya fi sau ashirin tun daga ranar, lambar ko gezau. In baƙi suka zo ganin bargon, Minti Biyar ke riga kowa ɗaga kusurwar, ya ja kakin da yatsu biyu ya ce a taɓa a ji, yanzu an daina saƙa irinsa. Baƙin sukan taɓa, su karanta sunan da ke jiki, sannan su tambayi Gwaggo a hankali wane ne wannan mai bayanin. Ita kuwa takan ce mijin mai bargon ne.